Babur Mara Sallama

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Mai surutu ya yi shiru, mai gyangyaɗi ta wanke ido. Abin da zan faɗa muku ba ji na yi a bakin wani ba, a kaina ya faru, kuma har yau in na tuna sai na ji jikina ya yi sanyi.

Ni mutuniyar Yako ce. Nan na yi aure, nan na haihu, nan na tsufa. A gidan da na shiga na tarar da wata al'ada, ban san wanda ya fara ta ba. Ba a shigo da abin hawa gidan nan sai babban gida ya fara hawansa, ko jaki ne, ko keke, ko babur. Mai saye zai yi ciniki ya bar shi a baki, ba zai biya ba. Sai ya zo ya ɗauki tsohon gida ya kai shi wurin, tsoho ya hau, a ɗan zaga da shi, ya sauko ya dafa abin ya sa albarka. Sannan a biya.

Surukina ya hau jakunan 'ya'yansa. Maigidana ya hau kekuna da babura har ba ya iya tuna adadinsu. Mutum ɗaya ne ya tsallake, ɗana na biyu. Ya ga babur a Zariya ya yi masa, ya ji tsoron kada wani ya riga shi, ya biya, ya hau ya taho gida don uban ya sa masa albarka daga baya. Bai iso ba. Babbar mota ce ta same shi a hanya. Ban ce al'ada ce ta kama shi ba, Allah ya tsare bakina, kwana ne ya ƙare. Amma tun daga ranar ba wanda ya sake tsallakewa a gidanmu.

Ya bar yaro yana rarrafe. Uwar ta yi wani auren, ni na goya shi. Shi ne jikan da wannan labari yake kansa.

Kwanci tashi yaro ya girma, ya yi karatu, ya samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace. Gidan hayarsa yana wannan bakin gari, makarantar tana wancan bakin. Babur ɗinsa na farko kakansa ne ya hau masa, kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayan maigida, ƙannensa ma suka bi ɗaya bayan ɗaya, na waiga na ga ba wanda ya girme ni a gidan.

Ana nan, ana nan, sai man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Babur ɗin jikana ya tsufa, ya zama mashayi, albashi ba ya isarsa, dole ya sayar. Ya koma bin adaidaita sahu, a sauke shi nan ya jira wata can. Yau ya makara, gobe ya makara. Har shugaban makarantar ya kira shi ya ce masa, in aka dawo daga dogon hutu ya sake makara, to ya nemi wani wurin.

Wata Asabar cikin damina ina tsakar gida ina yanka kuɓewa, sai ga shi ya yi sallama.

Ya ce, "Amarya, har yanzu kina nan? Kin ƙi tsufa, kin ƙi ba mutane wuri."

Na ce, "Ina zan tafi in bar miji mara cefane? Dubi yadda ka shigo hannu rabbana. Ko goron biyar."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya ci tuwo, ya sha ruwa, sannan ya faɗa mini maganar shugaban makaranta. Ya ce ya yi tanadi, surukinsa ma ya taimaka, yana so ya sayi babur mai caji, wanda ba ya shan mai, wuta ake sa masa kamar waya. Ya ce ya je ya gani, ya yi magana da mai kanti. Saura ni.

Na ajiye wuƙar da ke hannuna.

Na san irin babur ɗin. Na taɓa gamuwa da shi ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi. Ina tafe a gefen hanya da ƙwaryata a ka, ban ji komai ba, ban ga komai ba, sai iska ta ɗaga mini mayafi, wani abu ya wuce ta jikina sul, kamar inuwa. Ƙwarya ta faɗi, gero ya watse. Kafin in gama salati ya yi nisa.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane ba. Mu a nan da kunne muke gane mutane. Ina ɗaki zan ce ga mai kifin Bagauda nan ya shigo gari, don salansar babur ɗinsa a fashe take. Zan ce ga liman ya dawo, don nasa tari yake yi kafin ya tsaya. Akuya ta ji ta kauce, kaza ta ji ta tattara 'ya'yanta, uwa ta ji ta fizge ɗanta daga bakin ƙofa, makaho ya ji ya lafe da bango. Kukan babur shi ne sallamarsa. To abin da ke zuwa ba sallama fa? Na san guda uku: ɓarawo, maciji, da mutuwa.

Na ce masa, "Ka sayi mai shan mai, kamar na kowa."

Ya ce, "Iya, da zan iya ciyar da mai shan mai, da ban sayar da nawa ba."

Na ce, "To ka ɗauki baffanka ya hau. Namiji ne, ni me na sani a kan babur?"

Ya ce, "Na je masa. Ya ce shi da hawa kina da rai? Ba da shi ba."

Na ɗauki wuƙa na koma yankan kuɓewa. Ya ce, "In ba ki yarda ba, ba zan saya ba, wallahi. Sai in kwaso su mu dawo nan, in kama fartanya."

Shi ya san gonar da zai kama, ni ma na sani. An raba ta an sake rabawa, abin da ya rage masa ko shanya bai isa ba. Na ce masa zan yi tunani. Washegari ya koma ba tare da amsa ba.

Kwanakin da suka biyo baya abinci bai yi mini daɗi ba. In na ce a'a, na kashe masa aiki da bakina. In na ce to, na ɗora shi a kan abin da ba a ji, a cikin garin da manyan motoci ke gudu kamar an koro su. Ubansa da ke kan mai ƙara ma bai tsira ba, ina ga wanda ke kan mara ƙara? Na yi ta juya maganar kamar waina, ko ta ina na juya ƙuna take.

Sai matarsa ta kira ni a waya. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa roƙona komai ba. Ta gaishe ni, ta tambayi ƙafa, ta tambayi damina, ta yi ta zagaye. Can ta ce, "Iya, hutu ya kusa ƙarewa. Ba ya cin abinci. Ba zai faɗa miki ba." Ina jin muryar 'yar tattaɓa-kunnena a bayanta tana cewa a ba ta ta yi magana da tsohuwa.

Na ɗaure kuka da daddawa da man shanun da maƙwabciyata Bafulatana ta ba ni, na shiga ƙaramar bas. Ban ce na yarda ba. Na ce dai zan je in gani da idona.

Gidansu yana can cikin wani lungu, masu haya da yawa, yara kamar 'yan tsaki. 'Yar tasu ba ta daɗe da yaye ba, bakinta ya buɗe, ba ta zama wuri ɗaya. Ta ja ni ta nuna mini gefen bango, ta ce nan ne ɗakin babur ɗin Abba. Uwar ta ce ai da yana nan, kullum sai ta haye kansa, ta kama hannun ta yi ta murɗawa tana yi masa kuka da baki.

Da hantsi muka tafi kantin, mu huɗu. Babura a jere tun daga ciki har bakin titi, wasu da ledarsu. Mai kantin saurayi ne mai zaƙin baki. Ya kawo mini benci, ya ce sannu da zuwa Hajiya, ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba. Ya nuna mana wani babba baƙi mai sheƙi, shi jikana yake so. Ya ce wannan gudu ne da shi, kuma caji ɗaya sai ya kai ni Yako. Ya murɗa makulli, fitila ta kama, ya nuna wa jikana wasu lambobi a goshinsa.

Ya juyo ya ce, "Hajiya, ji fa. Ko numfashi ba ya yi. Sauro ma ya fi shi surutu."

Na ce, "Ɗan nan, a cikinsu wanne ya fi ƙara?"

Ya dube ni, ya dubi jikana. "Ƙara kuma? Hajiya, ai rashin ƙarar ake saye."

Wasu masu ciniki suka yi dariya. Jikana ya sosa ƙeya ya ce, "Ka yi haƙuri, amaryar tawa 'yar ƙauye ce."

Na ce, "Ƙauyen ne ya goya ka, mara kunya."

Ya matso ya rage murya. "Iya, ki hau kawai. In kin ji bai kwanta miki ba, mu tafi."

To a al'adar gidanmu babba ne ke fara zama a kai, kafin mai shi ya hau. Na miƙe na nufi baƙin nan. Yana tsaye shiru kamar dutse, a kafe a kan ƙafarsa ta gefe. Jikana ya juya yana tambayar mai kanti wani abu game da batir. Gwiwoyina ba su da ƙarfi, in zan hau gado ma sai na kama wani abu. Na miƙa hannu na kama hannun babur na dama, na ja jikina sama.

Abin ya murɗa a tafina.

Ban ji komai ba. Sai dai na ji an fizge ni, kamar saniya ta ja igiya. Babur ya zabura gaba, ya ja ni na kife a kan gwiwa, ya ƙwace ya tafi shi kaɗai. Yarinyar tana gabansa. Tun ɗazu take leƙen fuskarta a jikin fitila. Na ga farar rigarta, na ga baƙin abin nan ya nufe ta.

Allah ne ya karkatar da kansa. Ya goge ta, ya tafi da takalminta ɗaya, ya daki tarin kwalaye ya kwanta, tayar baya tana ta juyawa, ita ma shiru.

Uwar ta yi ƙara ta sure ta. Aka duba hannu, aka duba ƙafa, aka duba kai. Ko ƙwarzane babu. Ita takalminta kawai take yi wa kuka.

Mai kanti ya ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! Hajiya, ai a kunne yake!"

Ina ƙasa na ce, "Ta ina zan san a kunne yake?"



Jikana ne ya ɗaga ni ya zaunar a benci. Zanina ya yage, gwiwa tana jini. Ya karɓi 'yarsa ya ƙanƙame ta. Sannan ya ce, "An fasa. Iya ta yi gaskiya. Ku tashi mu tafi gida."

Abin da na zo nema ke nan, ga shi an ba ni. Amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na dubi fuskarsa na ga mutumin da ya riga ya kwashe kayansa daga makaranta. Na dubi matarsa, ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinya ɗan kwali, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Mai kanti ya kawo mini ruwa da kansa, yana ta ba da haƙuri.

Na sha ruwan, na zauna ina kallon tafin hannuna. Ni da tsufana, ni da tsorona, hannuna ya yi wannan. To hannun yarinyar da ke hawa tana murɗawa kullum fa, ranar da uban ya shigo a gajiye ya manta makulli a jiki? Sai na ga ashe duk kwanakin nan titi nake tsoro, alhali abin tsoron yana iya zama a tsakar gida, gefen bango.

Na ce wa mai kanti, "Zo nan. Ka bar zaƙin baki, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Akwai wanda in yaro ya murɗa hannunsa ba zai tafi ba?"

Ya shiga ciki ya turo wani ƙarami, ruwan ganye, mai wurin ajiye ƙafa a tsakiya da kwando a gaba. Ya ce wannan, muddin ƙafarsa tana ƙasa a kafe, ko an kunna ko an murɗa ba ya motsi. In an ɗage ƙafar ma sai an matse birki tukuna. Kuma da an murɗa makulli yana yin 'yar ƙara. Ya murɗa. Abin ya ce ƙit-ƙit, kamar ɗan tsako.

Ba wata ƙara ba ce. Amma na ji ta.

Jikana ya ce, "Haba Iya! Wannan ai na mata ne. Da kwando fa! Yaran ajina su ga malaminsu a kan wannan?"

Na ce, "Dariya ba ta karya ƙashi."

"Ba ya gudu."

"Wa ya biyo ka?"

Matarsa ta ɗago a hankali ta tambayi mai kanti ko zai kai shi makaranta ya dawo da shi. Ya ce zai kai ya dawo, amma kullum sai an yi masa caji, kuma batirin ana cire shi a ɗauka a hannu, in ba wuta a gida a kai wurin masu sola.

Na ce a kafe shi a kunna. Na sa jikana ya murɗa, bai motsa ba. Na sa mai kanti ya murɗa, bai motsa ba. Sannan na ce a ɗora yarinyar. Uwar ta ce, "Iya!" Na ce gara a gani nan, muna tsaye a kanta, da a gani ranar da ba kowa. Jikana ya riƙe bayan babur da hannu biyu, mai kanti ya tare gaba da jikinsa. Yarinya ta haye, ta manta da takalmi, ta kama hannun ta yi ta murɗawa tana yi masa kuka da baki. Abin yana nan inda yake.

Saura hawa. Wannan karon na naɗe hannuwana a cikin mayafi, matarsa ta tallafe ni na zauna a karkace. Jikana ya sa hular kwano, ya hau gaba, ya yi bismilla. Muka gangara titi.

Ban taɓa jin hayaniya irin ta titin nan ba. Hon ta ko'ina, adaidaita sahu suna goga juna, masu talla suna ihu. Na lura ko masu salansa a fashe ba wanda ke jin su a nan, kowa da idonsa yake tafiya. Mu kuwa muna tafe a gefe a hankali, har ina jin addu'ar da yake yi a cikin hularsa. Sai ga wata babbar mota ta taho ta bayanmu. Tun tana nesa ya ce, "Iya, riƙe ni, ga tirela nan." Ya matsa gefe. Na rufe ido, na damƙe rigarsa, iskarta ta buge mu ta wuce. Fuskar ubansa ce ta zo mini. Ban buɗe ido ba sai da na ji mun tsaya.

Aka sauko da ni. Na ce wa jikana, "Abu biyu. Makulli ba ya kwana a jikinsa, ba ya yini a jikinsa, ko fitsari za ka shiga ka zare. In ka zo bakin lungunku ka sauka ka tura shi da hannu, yaran mutane suna wasa a wurin."

Ya ce, "Na ji."

"Ba ji na ce ka yi ba."

Ya durƙusa a bakin kantin, mutane suna kallo, ya ce, "Na ɗauki alkawari, Iya."

Na dafa kan babur ɗin. Ƙarfen da ɗumi, rana ta taɓa shi. Na ce Allah ya tsare gabansa da bayansa, Allah ya sa ya tsufa a hannunsa. Bakina ya faɗa, zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Ya shiga ciki ya biya.

To ga yadda kowa ya ƙare. Jikana yana nan a makarantarsa, bai sake makara ba sai sau ɗaya, lokacin da aka yi kwanaki ba wuta kuma hadari ya hana masu sola aiki, caji ya ƙare masa a kan gada ya tura da ƙafa. Yaran ajinsa sun yi dariyarsu sun gaji, yanzu littattafansu yake ɗaukowa a kwandon. Matarsa ta sake haihuwa, namiji, kuma an ce mini in ba ya nan ranar Asabar takan ɗauki babur ɗin ta je gidansu, ni dai ban gani ba, ban kuma tambaya ba. Yarinyar ta shiga makaranta, ba ta tuna komai na ranar. Mai kanti ya koma wani wuri mafi girma, kuma jikana ya ce ba ya barin makulli a jikin ko ɗaya. Baƙin babur ɗin wani ya saya, ban san ko wane ne ba, ina dai sa shi a addu'a shi da 'ya'yansa.

Ni kuwa gwiwar nan ba ta koma daidai ba, a zaune nake salla. Na dawo Yako. Kullum in la'asar ta yi sanyi nakan ajiye wayata a kan tabarma kusa da ni. In jikana ya shiga gida, matarsa takan kira ta katse, ƙara ɗaya, ba sai na ɗauka ba. Wata rana hidimar jariri takan sa ta manta. Ranar nan tuwona yakan huce a kwano.